Maɓalli Biyu da Muryar Mudi

Asabar, da hantsi

Bismillahi. Ni ne Mudi ɗan Garba, mai shelar unguwarmu ta Hausawa a nan Gadarif. Ban yi madarasa ba. Allo ma izu biyu na yi babana ya janye ni zuwa gonar riɗi. Da wannan gurgun ajamin nawa nake rubutu, wanda ya kasa karantawa ya ajiye, ba don shi na yi ba.

Yau ƙarfen ya iso. Abdallah, yarona na Jidda, shi ya aiko ta hannun wani direba. Shi bai zo ba, ƙarfe ya zo. Kamar ƙaramar tocila yake. Ka danna bakinsa a ƙarƙashin haɓa, ka latsa maɓalli, ya yi ƙugi, kai kuma ka motsa baki, sai magana ta fito. Tun da aka cire mini maƙogwaro a asibiti aka dawo da ni daga Khartum kafin damina ban ce wa kowa uffan ba. Da hannu nake neman ruwa, kamar jariri.

Matata Batulu na gashin kisra, wainar dawar nan ta Sudan, na tsaya a bayanta na ce mata sannu da aiki. Ta zabura har ta ƙona yatsa. Na sake faɗa. Ta juyo ta zuba wa bakina ido, na sake. Ta ce, "Malam, na ga abin da leɓenka ya ce. Amma kunnena bai ji Hausa ba." Sai ta koma kan kaskonta tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Ba hayaƙi ba ne. Na rubuta, kada a ce ban lura ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na shiga kasuwa da shi. Sami mai gyaran agogo, Balarabe ne, na gaishe shi da Larabci. Ya miƙe tsaye ya rungume ni, ya ce ya ji komai sarai, har ya kira maƙwabtansa su zo su ji. Muka yi hira mai tsawo, ba wanda ya ce in maimaita.

Na dawo layin 'yan uwa na gaida mahauta da Hausa. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Baba, ka faɗa da Larabci mana."

Wato an dawo mini da harshen kasuwa an riƙe na gida. Da Hausa aka raɗa mini suna. Da ita babana ya taka ƙasa daga Haɗeja har nan, da ita ya yi shela har ya mutu.

Litinin, da safe

Yaran unguwa sun sa mini Baba Buzuzu. Na san uwar da ta koya musu.

Laraba, bayan magariba

Lawali ya zo. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya rabu da ni a kan gonar Doka ya ɗauki ɓangaren da ruwa ke kwanciya, na yi shiru saboda tsohuwarmu na da rai. Ina kwance a Khartum ya karɓi shelar unguwa. An ce da makarafon yake yi, rabi Larabci rabi Hausa, yana kuma tsayawa ya yi tari a tsakiyar salati.

Ya zauna a kan angarib ɗina, gadon igiyar da nake shan iska a kai, ba a ba shi ba. Ya ce, "Yaya, Mardiyya ta shiga watanta. In ta sauka lafiya ka huta abinka, ni zan yi shelar suna. Kai ka zauna kusa da liman a ba ka girmanka."

Mardiyya matar Abdallah ce, cikinta na fari. Duk yaron da aka haifa a unguwar nan tun kafin a ja mana wutar lantarki, daga bakina jama'a suka fara jin sunansa. Sai na gidana ne za a ji daga bakin Lawali?

Na danna ƙarfe na gaya masa haka, da Hausa, ban rage komai ba. Ya juya ga Batulu ya ce, "Me ya ce?" A gabana. Sannan ya ce, "Yaya, ka ga abin da nake nufi. Mata suna can bayan zana ba sa ganin bakinka. In ba su ji ba, wa zai yi guɗa? Ko ka yi da Larabci, ai duk sun iya."

Na ɗauke butata daga gefen ƙafarsa.

Na rantse, kuma na rubuta: ni zan kira sunan jikana, da Hausa, kuma Jummare ungozoma za ta rangaɗa guɗa daga cikin gida ba tare da wani ya shiga ya gaya mata ba.

Alhamis, da rana

Batulu ta ce maganata kamar an shimfiɗa ta an bi ta da dutsen guga. Ta ce kalmomin suna nan duka, amma a kwance suke. Na ce da Larabci ai Sami ya ji. Ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa yi mata Larabci ba, ba kuma yanzu za ta fara amsawa ba.

Asabar, da hantsi

A bakin tashar lori wani yaro mai guntun gemu, cikin masu duba takardun samari, ya tare ni. Ya ce mene ne wannan nake magana a ciki, da wa nake magana. Ya karɓe ya juya shi, ya ce irin wannan sai an kai ofis. Mutane suka taru. Ba ni da bakin da zan yi gardama tunda bakin yana hannunsa. Sai na ɗaga ƙyallen wuyana ya ga ramin.

Ya miƙo mini da hannu biyu yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ma'alesh ya Haj," wato yi haƙuri Alhaji. Na ce masa da Larabci Allah ya shirye shi. Wannan kam ya ji.

Na wuce rumfar Cindo mai gyaran rediyo don a sa mini caji, wutarmu ta ɗauke tun jiya. Cindo ɗan abokina ne, ya girma a gabana. Ya juya ƙarfen ya ce, "Baba Mudi, maɓalli biyu ne fa. Na ƙasan nan me yake yi?" Na nuna masa cewa direban ya ce kada in taɓa, na ajiya ne in na saman ya lalace. Cindo ya latsa na sama, ya latsa na ƙasa, ya kara a kunne. Ya ce, "Direba ya san taya. Waɗannan ba murya ɗaya ba ce. Na ƙasan ya ɗan fi kauri, kaɗan ƙwarai." Ya buɗe bayan ya ga wani ɗan ƙaramin kusa. Ya ce in an murɗa shi tazarar za ta buɗe.

Aka kira Sami ya saurara. Ya ce wallahi shi ƙugi ɗaya yake ji. Mahauci ya ce biyu ne. Suka kusa yin faɗa a kan abin da ba nasu ba.

Cindo ya murɗa har ƙarshe. Na gwada, sama ƙasa, sama ƙasa. Duk layin ya fashe da dariya, wai hon ɗin lorin riɗi. Har Sami ya ce yanzu ya ji biyu. Na ce da Cindo ya rage. Muka yi ta yi har azahar: in ya matse, Cindo kaɗai ke ji, in ya buɗe, jaki. Muka tsaya a inda mahaucin ya ce, "Haka, haka, kamar mutum."

Na dawo gida da ƙafa, ban hau komai ba. Ina jin kamar in yi tsalle.

Lahadi, bayan azahar

Banza. Ga hawa ga sauka a hannuna, amma ban san inda ake hawa ba, ban san inda ake sauka ba. Shekara saba'in da wani abu ina Hausa, ina kwarara ta a kan taron ɗaruruwa, ashe maƙogwaro ne ya sani, ni ban sani ba. An bar shi a Khartum da saninsa.

Na latsa yadda na ga dama. Batulu ta ce gara jiya. Ta ce yanzu kamar Bature ya sha giya.

Litinin

Ban taɓa shi ba yau.

Talata, da hantsi

Allahu akbar. Matar nan.

Tana tsince wake, ta ce in zauna. Ta rufe bakinta ta ce "sannu" ta hanci, ba kalma, ƙugi kawai. Hm-hm. Na ji shi: ƙasa, sannan sama. Ta yi "yaro": sama, ƙasa. Ta yi "ruwa": duka a sama, ba ya sauka. Ta yi "jama'a": ƙasa, sama, ƙasa. Kalmar da na fi kowa faɗa a garin nan, yau na san kamanninta.

Na ce ta juya mini baya. Na danna. Ƙasa, sama. Ta ce, "Yawwa, sannu kadai," ba ta ko juyo ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Sai da ta amsa sannan ta gane abin da ya faru. Farantin ya kife, kaji suka samu rabonsu.

Na ce mata tun yaushe ta san wannan. Ta ce ba ta sani ba sai yanzu, ta ga in uwa ta cika baki da goro tana yi wa ɗanta faɗa yana ganewa, shi ne ta gwada.

Lawali bai san wannan ba. Har ya mutu ba zai sani ba.

Alhamis, bayan la'asar

Abin da na gano, ni Mudi da ban yi madarasa ba:

In babban yatsa ya makara, kalma ta riga ta fita sannan sautin ya biyo, kunne ba ya yafewa. Batulu sai ta ce, "Na'am?" In ya ɗan riga baki kuwa, ba ta ko lura.

Wuri mai tsawo a kalma, nan kunne yake tsayawa ya duba. Gajere in na kuskure sau da yawa yana wucewa.

Akwai inda murya ke zamewa daga sama zuwa ƙasa a wuri ɗaya. Sai na mirgina yatsa daga wannan maɓalli zuwa wancan da sauri. In na yi a hankali sai ta ji abu biyu. In na yi da sauri sai ta ji zamiya, alhali ƙarfen ba ya zamewa, tsalle yake yi. Kunnenta ne ke cike tsakiyar da kansa. Na gaya mata, ta ce ƙarya nake, ita ta ji ya zame.

Yatsan ya kumbura. Na sa masa man shanu.

Juma'a, bayan masallaci

Lawali ya tsaya a inda nake tsayawa ya yi shelar ɓatan akuya. Sau biyu ya yi tari. Mutane suna gaishe ni da ƙarfi kamar kunnena aka yanka. Ban yi wa kowa Hausa ba. Ina ɓoye ta tukuna.

Asabar, da safe

Batulu ta ga jini a ƙyallen wuyana kafin in wanke. Ta ce ranar komawa Khartum ta wuce. Na ce bayan suna. Ba mu ƙara maganar ba.

Litinin, da hantsi

Na kai kaina gidan Jummare. Tsarata ce, tare muka yi wasan ƙasa, bakinta bai taɓa gajiya ba. Ita ta yanke cibin rabin unguwar nan, kuma in ba ta fara guɗa ba babu macen da ke farawa. Kunnenta ɗaya ya yi nauyi.

Na tsaya a bayan zanarta na yi sallama na gaishe ta. Ta ce, "Wane ne ke tada injin niƙa a ƙofata?" Na sake. Ta leƙo ta ce, "Au, Mudi, kai ne? Ashe da saura." Na ce ta koma ciki ta saurara. Na yi mata farkon shela. Ta ce ta ji "jama'a", ta ji "salati", sauran sauro ne. Ta ce na saman nan siriri ne, ba ya shiga kunnen tsofaffi.

Na koma wurin Cindo raina a ɓace. Ya ce akwai wani kusan da ke saukar da su duka biyun tare. Ya saukar. Na ji tsoro, na ce duk wahalar da muka sha ta tashi a banza tunda an canza murya. Na je gida na gwada wa Batulu ban gaya mata komai ba. Ta amsa komai. Na ce ba ki ji an canza ba? Ta ce me aka canza? Ashe kunne bai damu da inda ka tsaya ba, tazarar da ke tsakanin hawa da sauka yake bi.

Jummare ta ce, "Yanzu kam namiji ne ke magana. Amma kana gudu, Mudi. Wa ke korar ka?"

Ta ce kuma kada in sa rai za ta yi mini alfarma. In ba ta ji suna da kunnenta ba, ba za ta buɗe baki ba, ko da za ni kabari da baƙin ciki. Na ce abin da na zo nema ke nan.

Laraba, da asuba

Mardiyya. Naƙuda tun jiya. An kira Jummare.

Laraba, bayan azahar

Jummare ta fito ta ce a nemo mota. Ban taɓa jin ta ce a nemo mota ba. Cindo ya kawo ta maƙwabcinsa. Ban iya yin addu'a da ƙarfen ba. Na yi ta a ciki. Wanda ake roƙo ba ya bukatar maɓalli.

Yaron Jidda ba zai zo ba. Ya san dalili, na sani: masu duba takardun samari suna nan a tasha.

Alhamis, da hantsi

Mace. Uwa da 'ya suna numfashi. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Sunan tsohuwarmu za a sa mata, Ummusalama. Ni na zaɓa. Sai da na zaɓa na tuna tsawonsa. Da na sani da na ce Hiba in huta. Batulu ta yi mini shi ta hanci har muryarta ta dushe.

Asabar, bayan magariba

Lawali ya yi hayar makarafon da lasifika, ban tambaye shi ba. Ya zo da fuskar tausayi ya ce, "Yaya, baƙi za su zo daga Hawata, dangin Mardiyya. Kada yara su yi dariya a gabansu. Don kai nake faɗa."

Na juya masa ƙeya don kada ya ga bakina. Na ce, a hankali, da Hausa, "Lawali, tashi daga kan gadona."

Ya tashi. Sai da ya miƙe ya tsaya yana kallon bayana.

Ya ce ai gajeriyar magana daban, shela daban. Haka ne. Amma ya tashi.

Litinin, da rana

Yatsa ya fashe. Na ɗaure da zare. A tsakiyar sunan nake tuntuɓe kullum, wuri ɗaya. Wuta ba ta zo ba kwana biyu, ƙarfen yana wurin Cindo rabin yini, ni kuma ina latsa ƙotar cokali ina motsa baki kamar mahaukaci.

Talata, bayan la'asar

An kawo rago. Ban iya cin komai ba, ba ya wucewa yau. Gobe.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta tun hannuna bai huce ba.

Bayan asuba aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Mutanen Hawata sun zo lori guda. Mahauta sun zo, Sami ma ya zo ya zauna a gefe da hularsa. Aka raba dabino da goro. Na raɗa wa liman sunan da Larabci, wannan ba wuya. Ya yi addu'a. Lawali ya miƙe ya nufi makarafon.

Na riga shi. Ban san ina da sauran wannan saurin ba. Na ɗora hannu a kai, ya ɗora nasa. Liman ya ce, "Malam Lawali, bar wa yayanka. In ta gagara kana nan." Ya saki.

Na danna ƙarfe. Lasifikar ta yi wata ƙara kamar an taka kare. Yara suka kwashe da dariya, wani ya ce Buzuzu. Na ji gumi har cikin ƙyalle. Cindo ya taso ya ja makarafon nesa da wuyana ya kawo shi daidai leɓe, ya koma ya zauna.

Na tuna Jummare, ba wanda ke korata. Na ce, "Jama'a." Ƙasa, sama, ƙasa. Na tsaya. Na ce, "A yi salati goma ga Annabi."

Suka yi. Wallahi suka yi. Ba wanda ya dubi na kusa da shi, ƙugin salati ya tashi daga gaba har titi kamar yadda yake tashi tun zamanin babana. Dariyar yara ta mutu a ciki.

Na ce an samu ƙaruwa a gidan Mudi. Na ce Allah ya ba Abdallah 'ya mace. Suka ce masha Allah a inda ake cewa. Sai sunan. A tsakiya yatsa ya zame a kan zaren, wurin nan dai, ya fito a kwance. Shiru. Bayan zana shiru. Na ga Lawali ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Mai shela sau uku yake kiran suna, wannan kowa ya sani, ba alfarma ba ce. Na cire zaren da haƙori. Na sake, a hankali, kowane wuri da maɓallinsa. Ummusalama.

Ban kai ga na uku ba. Guɗar tsohuwar nan ta tsaga gidan, sauran mata suka ɗauka, har tantabarun maƙwabta suka tashi. Ba wanda ya shiga ya gaya mata. Ina kallon ƙofar, ba wanda ya shiga.

Na kira na ukun duk da haka, don haƙƙina ne. Na ce Allah ya raya, suka ce amin. Na ce a yi fatiha, hannuwa suka tashi.

Wani dattijo daga Hawata ya riƙe hannuna ya ce da farko ya ɗauka rediyo ce, daga baya ya manta. Sami ya ce bai fahimci kalma ɗaya ba amma ya ji waƙa. Jummare ta aiko a gaya mini na farkon kamar tusa ne, na biyun ne suna. Lawali ya ce lasifikar ce ta taimaka. Na ce ƙwarai, Allah ya saka wa wanda ya yi hayarta.

Akwai jini a maɓallin. Na yatsa ne.

Laraba, bayan la'asar

An miƙo mini ita. Ban kai ƙarfen kusa da kunnenta ba, kada ta firgita. Daga nesa na ce mata sannu da zuwa. Ta buɗe ido ɗaya. Hancin tsohuwa ne sak.

Alhamis, da safe

Na ce wa Batulu ta haɗa kaya, Asabar za mu Khartum, tunda na yi alkawari. Na gaya mata shayin ba sukari. Na gaya mata zanar bayan gida ta karkace tun damina, da wanda ya ari gatarina bai dawo da shi ba, da abin da matar Lawali ta ce a asibiti tana tsammanin barci nake, da maganar gonar Doka tun daga farko.

Wajen hantsi ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, don girman Allah ka yi mini shiru."

Ban yi ba.